Matafiyin da Bai Bar Ƙofar Guga Ba

Ina da taubashi guda, ɗan Kawuna na GRA, wanda in ka ba shi minti biyu sai ya gaya maka sau nawa ya hau jirgi. Ba sai ka tambaya ba. Ka ce mashi ana zafi, shi ce maka ai wannan ba komai ba ne, ka ji sanyin da ake yi a sama. Ya yi 'yan shekaru yana karatu a waje, ya dawo da digiri da baƙin gilashi da wata irin tafiya kamar ƙasar Katsina na ƙona mashi tafin ƙafa. Aiki kau babu. Sai wanka, sai turare, sai yawo da motar Kawu.

Ni tun ina ƙarama a hannun Hajiya Kaka nake, nan Ƙofar Guga. Ita ta haifi Ummata, ita ta haifi Kawu. Jirgi ban taɓa shiga ba. Keke mai ƙafa uku ne nawa, mu huɗu a matse, jakar lakca bisa cinya. Da wannan yake mani gori tun muna yara. Wai ni ɗiyar mace ce, don haka baiwarshi ce, kuma baiwar ma ta ƙasa wadda ba ta taɓa ganin gajimare ta sama ba. Wasan taubasai ne, na sani, ni ma ba na raga mashi. Amma akwai guda da ke mani ciwo. Duk shekara bayan Sallah, in ina ramuwar azumin da na sha, sai ya zo gidan Kaka da rana tsaka da ƙullin balangu, shi zauna gabana, shi buɗe takardar a hankali don ƙamshin ya iso.

“Baiwa, har yau ba ki gama ba? Mu maza tuni mun sallami namu.”

To, Allah ba ya barci. Ga yadda aka yi.

Azumin da ya faɗo tsakiyar zafin nan ne, wanda ko ƙadangare ba ya fitowa da azahar. Kawu ya yi ta faɗi tashi har ya samo mashi aiki a wata ƙungiya a Maiduguri, aka ce shi je shi nuna fuskarshi. Tun ana saura mako mun shiga uku. Kullum yana gidan Kaka da waya a hannu. Ya samo wani shafi da in ka sa mashi sunan filin jirgi biyu, sai shi ja maka layi miƙaƙƙe bisa taswira, shi faɗa maka nisan da kuma lokacin da jirgi zai ci.

“Duba nan. Katsina zuwa Maiduguri. Wajen kilomita ɗari shida. Ke a mota sai kin wuni kin kwana, ƙafa ta kumbura. Ni awa ɗaya da 'yan mintuna. Kafin ki gama soya ƙosai na sauka.”

Ni kau babban yatsana ba ya jiran shawara. Yana magana ina latsawa. Kafin shi rufe baki na gano babu wani jirgi da ke bin wannan layin nashi. Shafin aunawa kawai yake, ko filin jirgin Katsina da na bangon duniya ka sa mashi zai ja maka layi. Mai son zuwa Maiduguri daga nan sai ya gangara Abuja tukuna, ya zauna jira, sannan wani jirgin ya sake hauro da shi.

Na ce, “Oga, layin nan naka ko shaho ba ya bin shi. Ta Abuja za ka zaga.”

Ya gyara gilashi. “To ai kin ƙara mani nisa. Ni ne ma da riba.”

Ban gane ribar da yake nufi ba sai ranar tafiyar.

Lahadi ce. Jirginshi na yamma ne, amma tun kafin azahar ya iso Ƙofar Guga yin sallama da Kaka, cikin wata shadda ruwan toka mai ƙara in yana motsi. Kaka ta yi ta sa mashi albarka. Angona take ce mashi, kamar yadda kakanni ke yi, shi kau har wani lumshe ido yake. Da ya fito ya ce in rako shi mota. Direba ya faka a inuwar iccen bedi da ke ƙofar gidan. Sai ya miƙo mani wayarshi.

“Ɗauke ni bidiyo. Ki riƙe da kyau, kar hannun ƙauye shi yi rawa.”

Na ɗauka yanga zai yi da akwati. Sai na ga ya buɗe bayan mota, ya ɗaga murfin kula, ya zaro gorar zoɓo. Ƙanƙara a ciki, jikinta na naso. Ni a lokacin harshena kamar busasshiyar ganda.

Na ce, “Kai, azumin fa?”

“Na ɗauka da asuba, na ajiye yanzu. Matafiyi ne ni.”

“Ai ba ka tafi ba.”

“Tikiti na aljihu, niyya na zuciya. Kilomita tamanin ake buƙata, ni ina da ɗari shida, har da ƙarin Abujar da kika ba ni. Ku mazauna gida sai haƙuri.”

Ya kafa kai. Wallahi har ƙarar maƙogwaronshi ta shiga bidiyon. Ya sauke gorar, ya yi wata ajiyar zuciya mai tsawo don ni, ya lashe leɓe. Bayanshi ga koriyar ƙofar Kaka tar, ga akuyarta ɗaure tana kallonshi. Kafin in miƙa mashi wayar na tura bidiyon zuwa tawa, na goge alamar turawar. Ba wai na san abin da zai faru ba ne. Ɗabi'a ce. Abu in ya yi kama da wanda zai yi amfani gaba, ni ba na barinshi ya wuce.

Ya ɗora a sitatus, ya rubuta matafiyi a ƙasa, ya sa hoton ɗan jirgi. Ya ɓoye wa Kawu, ya bar wa 'yan mata. Suka tafi.

La'asar ta yi, ta wuce. Ina gaban kasko ina fama da ƙosai, saboda duk Lahadin azumi a gidan Kaka dangi ke shan ruwa. Na leƙa waya da hannun hagu, sai na ga sitatus ɗin ya ɓace. Na ce to, akwai labari. Ba a daɗe ba sai ga ƙarar mota. Sai ga shadda ruwan toka ta shigo, ta yamutse, ba ta ƙara yanzu. Jirgin da zai zo daga Abuja ya kwashe su bai zo ba. Sun zauna sun zauna, a ƙarshe aka ce kowa shi tafi gida, za a neme su.

Ya shiga cikin maza bisa tabarma ya zauna kamar kowa. Kawu na nan, mutum mai shiru wanda ya tsufa a aikin gwamnati. Ga Baba Malam, ƙanen Kaka, shi ke jan salla a masallacin unguwa. Ina kallon taubashina ya ɗauki dabino ya riƙe, ya langaɓe kai yana jiran kiran salla, har da motsa baki wai addu'a. Leɓen kowa a wurin ya bushe ya tsage, nashi sumul. Na ce a raina bari in ƙyale shi, tsakaninshi da Allah ne.

Kaka ce ta ɓata lamarin. Ana kiran salla ta ce in fara miƙa wa angonta kunu. Sannan ta sa hannu cikin ƙosan da na soya, ni da na wuni gaban wuta da ƙishirwa, ta tsince manyan masu jan baya ta tura gabanshi.

“Ci, bawan Allah. Ya wuni filin jirgi da ƙishirwa, ga tafiyar ba ta yiwu ba.”

Shi kuma ya karɓa. Har da cewa, “Wallahi Hajiya yau na ji jiki.”

Na ajiye jug ɗin kunun. Na ce, “Ƙishirwar me? Ta bayan zoɓo?”

Na zaci zai musa. Ina, girman kai bai bar shi ba. Da aka dawo daga salla aka zauna cin abinci, shi da kanshi ya tada maganar, wai don kar baiwa ta ɓata mashi suna. Ya ce eh ya sha, kuma da hujja ya sha. Ya zaro waya ya buɗe shafin nan mai layi.

Kaka ta riƙe haɓa. Ta ce ita ta taɓa zuwa Maiduguri a zamanin da mota ke kwana a hanya, cikin azumi, da goyo a baya, kuma ba ta sha ba. “Yanzu awa guda cikin sanyi, bisa kujera mai laushi, ana kawo maka abu a faranti, shi ne tafiya? Ai ni zuwa gonata ta Batagarawa ya fi wannan wahala.”

Baba Malam ya girgiza kai. “A'a Yaya. Ba da gajiya ake aunawa ba, da nisa ne. In tafiyar ta kai, ko ƙiftawar ido ta ɗauka, sauƙin na nan. Allah ne Ya ba shi.”

Zo ka ga baki har kunne. Taubashina ya juyo ya dube ni, ya ɗaga gira. Ya matsa kusa da Baba Malam yana nuna mashi taswirar, yana buɗa ta da yatsu biyu. “Ka gani ko Baba? Ninki bakwai ma ya wuce.”

Baba Malam ya sa tabarau ya duba da kyau. Mutum ne da ba ya gaggawa, ko lomar tuwo sai ya juya ta. Ya ce layin ya yi kyau, ya miƙe. Sannan ya ce, “To ya ka baro mutanen Maidugurin?”

“Ai ban je ba Baba, jirgin ne bai zo ba.”

“Abuja fa?”

“Ita ma.”

“Daren jiya da niyyar azumi ka kwana?”

“Eh.”

“To a ina ka sha?”

Nan ne ya fara inda-inda. Ƙwaƙwalwar ta fara aiki, ya hango ramin. Ya ce a can ne, wajen filin jirgi, bayan sun fita gari sosai, babu gidaje babu komai.

Na ƙure ƙarar wayata, na ajiye ta tsakiyar tabarma kusa da kwanon miya, na danna. Tsakar gidan ta cika da ƙwat, ƙwat, ƙwat na maƙogwaro. Sai muryarshi, ku mazauna gida sai haƙuri. Kaka ta matso da fuskarta dab da wayar.

“Wannan ba ƙofata ba ce? Ga akuyata nan.”

Baba Malam ya cire tabarau ya ninke. Ya ce da ya bari ya fita gari sannan ya sha, da rana ɗaya zai rama. Da ma ya sha a nan ɗin amma jirgin ya ɗauke shi yau, da an nema mashi uzuri, an ce ya fahimci abin a karkace ne, nan ma rana ɗaya. “Amma ka sha a ƙofar kakarka, kuma yau a Katsina za ka kwana. Ɗari shidan nan duk a waya suke. Ƙafarka ko Batagarawa ba ta kai ba.”

Kaffara ce. Ko shi ciyar da miskinai sittin, ko shi yi azumin wata biyu a jere, ban da ramuwar ranar.

Na shige kicin na toshe baki da gyale. Dariyar har hawaye. Amma na baro kunnena a waje, don na san akwai ƙofar da zai bi ya sulale. Ai kau sai na ji ya sassauta murya.

“Abba, sittin ai ba yawa. Buhu ɗaya ma ya isa.”

Kawu ya gama tauna abin da ke bakinshi. Ya sha ruwa. Ya ce, “Ni na sha zoɓon?”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma wanda ya san Kawu ya san an rufe wannan babin.

Saura Kaka. Nan ne hankalina ya tashi, don tana da gero jibge a ɗaki daga gonar Batagarawa, kuma zuciyarta a kan wannan yaron kamar man shanu a rana take. Sauran kwanakin azumin nan kullum yana gidan. Mutumin da bai taɓa ɗaukar tsintsiya ba, sai ga shi yana ɗaura mata gidan sauro, yana matsa mata ƙafa, yana tambayar lafiyar akuya. Ƙungiyar ma sun ce shi bari sai bayan Sallah, don haka lokaci gare shi har da na sayarwa. Ina gani tana narkewa. Na ce shi ke nan, zai sha a banza.

Ana jibi Sallah ta kira shi, ni ina gefe ina tsefe kai. Ta ce ta ba shi geron. Ya fara godiya, ta ɗaga hannu.

“Tsaya. Kai za ka auna da hannunka. Kai za ka saɓa buhun a kafaɗa. Ba mota, ba direba. Zan faɗa maka gidajen, duk nan cikin unguwa suke, ka shiga ka durƙusa ka gaishe su ka ba su.”

“In suka tambaya na mene ne fa?”

“Za su tambaya kau. Ƙofar Guga ce nan.”

Ya ce ai Baba Malam bai ce sai an yi haka ba. Ta ce Baba Malam ba shi da gero a ɗakinta.

Wallahi aikin wuni ɗaya ne. Da ni ce, kafin azahar na gama na yi wanka. Amma na ga yana lissafi a fuska. Shi, da gilashi, da buhu a kafaɗa, cikin lungu, yara na biye da shi, tsofaffi na tambaya ɗan wane ne. Sai idonshi ya sauka bisa wayata da ke kan cinyata. Ni ko taɓa ta ban yi ba. Na dai juya ta yadda kyamarar za ta kalle shi.

Ya ce, “Zan yi azumin.”

Mutum ya zaɓi ƙishirwar wata biyu a kan a gan shi da buhu na rabin wuni. In akwai abin da ya fi wannan bayyana ko shi wane ne, ni ban san shi ba.

Washegarin Sallah ya fara, don Baba Malam ya ce in ya yi wasa Babbar Sallah za ta faɗo ciki ta katse mashi. Ni na yi tawa ramuwar na gama cikin mako. Daga nan zumunci ya motsa mani. Ban taɓa zuwa GRA kamar na wannan lokacin ba. Daga lakca sai gidan Kawu, da awara mai zafi a leda, yaji ya ji. Wata rana na je da ƙawata, 'yar Kudancin Kaduna da muke aji ɗaya, wadda su ma nasu azumin na coci ya daɗe da ƙarewa. Ta gan shi shame-shame bisa tayil ƙarƙashin fanka, ta ce mani a hankali, “Naku bai ƙare ba ne?”

Na ce, “Namu ya ƙare. Wannan na matafiya ne.”

Ya wuce kwana arba'in, ya rame har gilashin na zamewa daga hanci, sai ƙungiyar suka kira. Ko shi zo cikin makon, ko a ba wani. Ya sayi tikiti, ya garzaya wurin Baba Malam da murna, don yanzu kam tafiyar gaske ce, nisan ya kai har ya yi rara. Baba Malam ya ce ƙwarai, matafiyi ne, in ya fita gari ya sha babu zunubi ko kaɗan. Sai dai lissafin kaffarar zai koma farko, ya sake daga kwana ɗaya.

Na ce sai na raka shi filin jirgi. Ranar na fara shiga wurin da aka shekara ashirin ana mani gori da shi. Ɗan zaure ne da kujeru, mutane tsiraru na danna waya, wani na gyangyaɗi. Tashar motar Kano ta fi shi rai nesa ba kusa ba. Wannan karon jirgin ya zo. Da safe suka tashi. Ya sauka Abuja, ya zauna jiran na biyu, aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Awa ɗaya da 'yan mintunan nan ta zama wuni cur. Ni ina gida, duk bayan ɗan lokaci in tura mashi bidiyon zoɓon, ba tare da na rubuta komai ba. Yana buɗewa, ina ganin alama.

Bayan magariba ya kira, wai in gaya wa Kaka ya sauka. Muryar kamar an goge ta da sosan ƙarfe. Na tambaye shi ya sama, ya gajimare. Ya ce lafiya. Sannan abin ya fi ƙarfinshi.

“Kin san sau biyu ma'aikaciyar jirgi ta turo keken ruwa ta tsaya kaina? Na farko da na biyu, duk jiragen. Da ƙanƙara.”

“Me ka ce mata?”

“Na ce na gode.”

“Ba ka gaya mata kai matafiyi ba ne?”

Ya kashe wayar.

Kaka ta leƙo daga ɗaki ta ce wane ne. Na ce angonki ne, ya isa lafiya, azumin ma na nan bai fashe ba. Ta ce madalla. Sannan ta ce tunda geron nan ba mai ɗauka, in ɗebo mata kwano biyu gobe a kai surfe. Fura aka yi da shi, da kindirmo mai sanyi. Na ɗauki hoton kofina da rana tsaka, dab da koriyar ƙofa, akuyar ma ta shigo ciki. Mutum ɗaya kawai na bar wa sitatus ɗin ya gani.